RA'AYINMU: Wa Ya Ba Alƙalan Amurka Ilimin Gaibu?

A watan Fabrairun 2021 aka buɗe ƙofar wani kurkuku a jihar Fensilbaniya ta ƙasar Amurka, wani tsoho ɗan shekara 83 mai suna Joe Ligon ya fito. An shigar da shi ne a 1953 yana ɗan shekara 15. Mai karatu ya yi lissafin da kansa, shekara 68 ke nan. Ranar da aka rufe wannan yaro saura shekara bakwai Turawa su sauke tutarsu a Nijeriya. Bai fito ba sai da furfura ta gama cin kansa, iyayensa sun daɗe a kabari, unguwar da ya sani ta koma wata aba dabam.

Ba mu ce bai yi laifi ba. Shi da wasu samari huɗu ne suka sha giya suka yi tatul, suka bi titunan birnin Filadelfiya da dare suna ƙwace suna sukar mutane da wuƙa, har mutum biyu suka rasa ransu. Shi da bakinsa ya amsa cewa ya soki mutum, amma har ya tsufa yana musanta cewa ya yi kisa. A lokacin ko sunansa bai iya rubutawa ba. Hukuncin da aka yanke masa shi ne ɗaurin rai da rai, irin wanda ba a sake duba shi.

Ya kamata mu tsaya a nan mu yi wa 'yan uwa bayani, domin rai da rai iri biyu ne a can. Akwai wanda idan fursuna ya yi wasu shekaru zai gurfana a gaban wani kwamiti, a duba halinsa, a tambayi gandirobobi, a ji ta bakin dangin wanda ya zalunta, in an ga ya shiryu a yi masa sakin talala, watau ya koma gida amma idon hukuma na kansa, ya kuskure a mayar da shi. Akwai kuma na biyun, wanda tun ranar yanke hukunci ake toshe wannan ƙofa. Ko mutum ya zama waliyyi a cikin kurkuku ba mai sauraronsa, gawarsa kaɗai za ta fita. Wannan na biyun ne Amurka ta daɗe tana yanke wa yara 'yan shekara 13, 14, 15 zuwa 17. Lokacin da maganar ta kai Kotun Ƙolin ƙasar a 2012, mutum wajen 2,500 ne ke zaune a kurkuku da irin wannan hukunci a kan laifin da suka yi kafin su kai shekara 18.

To me tsarin mulkin nasu ya ce? Jimla guda ce tak, a cikin gyara na takwas da aka yi wa tsarin mulkin a 1791, wadda ta hana azabtar da mai laifi da hukuncin rashin imani wanda ba a saba gani ba. Shi ke nan. Ba ta ambaci yaro ba, ba ta ambaci shekaru ba. An bar wa alƙalai tara na Kotun Ƙoli su riƙa faɗin abin da take nufi a kowane zamani. Ku dubi yadda ta kaya. A 1989 alƙalan nan suka zauna, biyar suka rinjayi huɗu, aka ce tsarin mulki bai hana a kashe wanda ya yi kisa yana ɗan shekara 16 ko 17 ba. A 2005, a shari'ar wani mai suna Christopher Simmons, suka sake zama, biyar suka sake rinjayar huɗu, aka ce tsarin mulki ya hana. Ko wasali ɗaya ba a canza a cikin jimlar ba. Daga 1985 zuwa 2003 kuwa an riga an kashe mutum 22 a kan laifin ƙuruciya, 13 daga cikinsu a jihar Texas kaɗai. Waɗannan wa zai tashe su ya gaya musu an sake shawara?

Daga nan aka shiga sassautawa kaɗan-kaɗan, kamar mai cire ƙaya da tsinke. A 2010, a shari'ar Terrance Graham na jihar Fulorida, kotun ta ce ba za a toshe ƙofar saki ga yaron da bai yi kisa ba. Sai 2012 aka zo kan wadda ta fi kowacce suna, shari'ar Evan Miller na jihar Alabama, kuma ita ce muke so mai karatu ya natsu ya saurara.

Evan Miller yana da shekara 14 a 2003 lokacin da shi da wani abokinsa suka sha giya da tabar wiwi tare da wani maƙwabcinsu magidanci. Mutumin ya bugu ya yi barci, suka sa hannu a aljihunsa, ya farka, aka kaure da kokawa. Miller ya ɗauki sandar wasan ƙwallo ya yi ta jibgarsa, daga baya suka cinna wa gidan wuta don su ɓatar da sawu, mutumin ya mutu a ciki. Wal'iyazu billahi! Wannan aika-aika ce, ba mai imanin da zai ji ta bai girgiza ba, kuma mamacin yana da 'ya'ya da har yau suke kukansa. Amma a cikin takardun kotun akwai sauran labari. Uwar yaron mashayiya ce 'yar ƙwaya, mijin uwarsa yana gallaza masa, hukuma ta sha ɗauke shi ta kai shi riƙo gidan wasu ta dawo da shi. Sau huɗu yana ƙoƙarin kashe kansa, na farko yana ɗan shekara shida. Shekara shida, 'yan uwa, lokacin da namu yaran ke fara wanke allo. Alƙalin da ya yanke masa hukunci bai da ikon duba ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin dokar jihar ta ɗaure masa hannu: in dai an same shi da wannan laifi, to rai da rai ba saki, ko shekararsa nawa.

Tare da shi aka haɗa shari'ar Kuntrell Jackson na jihar Akansas, shi ma ɗan shekara 14. A 1999 ya bi wasu yara biyu zuwa fashi a shagon hayar kaset ɗin bidiyo, ɗaya daga cikinsu ya harbe matar da ke tsaron shagon. Jackson bai riƙe bindiga ba, bai harba ba. Amma dokarsu ta ce duk wanda aka yi fashin da shi kisan ya hau kansa. Shi ma rai da rai ba saki.

Kotun Ƙoli, biyar da huɗu kamar kullum, ta ce ba daidai ba ne a mayar da wannan hukunci dole a kan yaro, sai alƙali ya dubi ƙuruciyarsa da gidan da ya fito tukuna. Hujjarta ita ce abin da kowace uwa ta sani ba tare da ta je jami'a ba: yaro bai gama hankali ba, abokai na jansa, ba ya iya barin gidan da ake cutar da shi, kuma halinsa bai gama daskarewa ba. Likitoci suka ƙara da cewa sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa mutum birki in zuciya ta ɗebe shi, ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20. Ita kanta ƙasar ai ta san haka. Ba ta yarda yaro ya jefa ƙuri'a sai ya kai 18, ba ta yarda a sayar masa da giya sai ya kai 21. Bai isa ya zaɓi kansila ba, amma ya isa a binne shi da rai.

A 2016 aka ce hukuncin ya shafi har waɗanda aka ɗaure tun da. Wanda ya kai wannan ƙara, Henry Montgomery, ya harbe ɗan sanda a jihar Luwiziyana a 1963 yana ɗan shekara 17. An tsare shi a kurkukun Angola, wanda asalinsa gandun bayi ne, sunan ma daga ƙasar Angola ta Afirka aka samo shi. Albarkacin ƙararsa ɗaruruwan fursunoni suka koma gida, shi kuwa sau biyu kwamitin saki yana ƙin sa, bai fita ba sai a watan Nuwamban 2021 yana da shekara 75.

Mai karatu zai tambaya, yaya aka yi yara masu yawa haka suka faɗa wannan rami? A 1995 wani malamin Jami'ar Princeton mai suna John DiIulio ya yi rubutu yana tsorata jama'a cewa ga wani sabon irin yara nan tafe, dubbai a kan dubbai, marasa tausayi marasa nadama, ya laƙaba musu wani suna mai ma'anar gawurtattun namun dawa masu farautar mutane. 'Yan jarida suka ɗauka, 'yan siyasa suka cafe, har Hillary Clinton, matar shugaban ƙasa a lokacin, ta maimaita kalmar a 1996. A cikin shekarun nan kusan duk jihohin ƙasar suka sauya dokokinsu don a sauƙaƙa kai yaro kotun manya. Sai ga shi namun dawan ba su zo ba. Laifukan yara ma raguwa suka yi ta yi shekara da shekaru. Malamin ya dawo ya ce ya yi kuskure, har ya sa hannu a takardar da aka miƙa wa Kotun Ƙoli a 2012 ana goyon bayan su Miller. Shi ya janye maganarsa ya koma ofishinsa, yaran da aka rufe saboda ita suna can suna tsufa. Kuma ba sai an gaya wa kowa 'ya'yan su wane ne ba: fiye da rabin waɗanda aka yanke wa wannan hukunci baƙar fata ne, a ƙasar da baƙar fata ba su kai kashi 15 cikin ɗari ba. Wannan tsohon ciwo ne. A 1944 jihar Karolina ta Kudu ta ɗora wani yaro baƙar fata ɗan shekara 14, George Stinney, a kan kujerar lantarki bayan shari'ar yini guda. Sai a 2014, bayan shekara 70, wata kotu ta soke hukuncin ta ce ba a yi masa adalci ba.

Wanda ya ɗauka an gama, to bai san dokar da mutum ya rubuta da hannunsa ba. A 2018 ɗaya daga cikin alƙalan da ke sassautawa ya yi ritaya, a 2020 wata ta mutu, Shugaba Trump ya cike guraben da mutanensa. A watan Afrilun 2021 aka yanke shari'ar Brett Jones na jihar Misisifi, wanda ya soke kakansa da wuƙa har lahira a 2004 yana ɗan shekara 15. Shida suka rinjayi uku, aka ce ba dole ne alƙali ya tabbatar da cewa yaro kangararre ne na har abada ba kafin ya toshe masa ƙofa, ya isa a ce yana da zaɓi kuma ya san yaro ne a gabansa. A cikin wannan watan dai aka sake gurfanar da Evan Miller a Alabama, shi da sunansa ya buɗe wa wasu ƙofa, aka sake yanke masa rai da rai ba saki. Yau fiye da rabin jihohin ƙasar sun soke hukuncin da kansu, jihar Masacusets ma a 2024 kotunta ta hana shi ga duk wanda bai kai shekara 21 ba. Sauran jihohin suna nan da abinsu. Yara biyu su yi laifi iri ɗaya, kogi ko titi ya raba garuruwansu, ɗaya ya fito yana da sauran ƙarfi, ɗaya ya mutu a ciki.

Inda mu muka saɓa da su duka, masu tsanantawa da masu sassautawa, shi ne a nan. Ko alƙalan da suka tausaya a 2012 da 2016 ba su rufe hukuncin gaba ɗaya ba. Cewa suka yi a ajiye shi don ɗan tsirarun yaran da laifinsu ya nuna sun lalace lalacewar da ba ta gyaruwa. Watau dukansu sun yarda akwai yaron da za a kalla yau, yana ɗan shekara 14, a san tabbas cewa ko ya kai shekara 60 ba zai shiryu ba. Subhanallahi! Wa ya ba su wannan ilimi? Wane alƙali ne ya leƙa Lauhul Mahfuzu? Alƙali yana hukunci ne da abin da ya auku, wanda shaidu suka gani, hujja ta tabbatar. Abin da zuciyar bawa za ta zama nan da shekara 40 gaibu ne, kuma gaibu na Allah ne Shi kaɗai. Kotun da kanta ta amsa tun a 2005 cewa ko ƙwararrun masana halayyar ɗan Adam da ƙyar suke iya bambance yaron da ƙuruciya ta ɗeba da wanda ya ɓaci har ƙashi. In gwanaye ba su iya ba, ta yaya alƙalin ƙaramar kotu, wanda a jihohi da yawa zaɓensa ake yi kamar ɗan majalisa, yana tsoron a ce masa mai sanyin hannu, zai iya?

Mun san abin da wani zai jefo mana. Zai ce ku da kuke kiran a tsayar da ƙisasi, har kuna da bakin kukan ɗauri? Tambaya ce mai kyau, ba kuma za mu kauce mata ba. Malamai sun haɗu a kan cewa ba a yi wa yaron da bai balaga ba ƙisasi, domin an ɗauke masa alƙalami. Mafi yawansu suna ɗaukar gangancinsa a matsayin kuskure, diyya ta hau kan danginsa, shi kuma a ladabtar da shi ladabin gyara. Idan alamomin balaga ba su bayyana ba, Shafi'iyya sun ƙayyade shekara 15, mashhurin zance a Malikiyya kuwa 18. Gaskiya ne, saurayin da ya balaga da hankalinsa ya yi kisan ganganci, shari'a na iya hawa kansa ko bai kai 18 ɗin Turawa ba, ba za mu ɓoye wannan don mu burge kowa ba. Amma a lura da abu biyu. Ƙisasi sakamako ne na abin da ya riga ya faru, ba ya da'awar cewa mai laifin ba zai tuba ba. Ana kiransa zuwa ga tuba har numfashinsa na ƙarshe, a yi masa wanka, a yi masa salla, a binne shi cikin Musulmi. Sannan haƙƙin na masu jini ne, ba na gwamna ko mai gabatar da ƙara ba. Suna iya nema, suna iya karɓar diyya, suna iya yafewa don Allah, kuma Alƙur'ani ya kwaɗaitar da su ga yafewar. Duk ɗalibin da ya karanta Risala a Islamiyya ya san cewa a Malikiyya wanda aka yafe wa kisan ganganci bulala ɗari ne da ɗaurin shekara guda, daga nan ya koma cikin mutane. A tsarin Amurka kuwa ko dangin mamaci sun zo kotu suna kuka suna cewa sun yafe, maganarsu shawara ce kawai.

Tarihinmu cike yake da mutanen da wani alƙalin zai rantse ba za su gyaru ba. Wahshi ne ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu, ya musulunta, Manzon Allah (SAW) ya karɓi Musuluncinsa duk da zafin da ke ransa. Ba ma sai mun je nesa ba, a cikin Amurkar akwai misali. A 1946 aka ɗaure wani saurayi ɗan shekara 20 a kan fasa gidaje, ɗan caca, ɗan ƙwaya, wanda saboda tsananin zagin addini 'yan uwansa fursunoni suke kiransa Shaiɗan. A cikin kurkuku ya koyi karatu na haƙiƙa, a 1952 aka yi masa sakin talala, a 1964 ya yi aikin Hajji. Shi ne Malcolm X, Alhaji Malik Shabazz. Laifinsa bai kai kisa ba, mun sani, amma wa ya kalle shi ranar da aka rufe shi ya hango mahajjaci? Ga kuma lissafi ga masu son lissafi. A 2020 wasu malaman Jami'ar Montclair suka bi sawun mutum 174 'yan Filadelfiya da aka yanke wa rai da rai tun suna yara, aka sake su bayan hukuncin 2016. Biyu kacal kotu ta sake samu da wani laifi. Waɗannan fa su ne aka ce ba sa gyaruwa.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne wannan ƙasa ce duk shekara Ma'aikatar Harkokin Wajenta ke fitar da rahoto tana auna ƙasashen duniya da mudun haƙƙin ɗan Adam. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 37, ta hana kisa da ɗaurin da ba fita ga wanda ya yi laifi bai kai 18 ba. Somaliya, da duk yaƙin da ya ɗaiɗaita ta, ta amince da ita a 2015. Ƙasa ɗaya ce ta rage a cikin Majalisar ba ta amince ba, ita ce Amurka. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Sai dai laifi tudu ne, kada mu take namu mu tsaya hangen na wani. Nijeriya ta amince da waccan yarjejeniya, ta kuma yi dokar haƙƙin yara a 2003, amma duk mun ga abin da ya faru ranar 1 ga Nuwamban 2024 a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja. Yara ne aka kwaso, akasarinsu daga Kano da Kaduna, bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, aka tsare su wata uku, aka gurfanar da su tare da manya da tuhumar cin amanar ƙasa, laifin da hukuncinsa kisa ne. Ƙasusuwan wuyansu a waje, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka sa wa kowannensu belin Naira miliyan 10. Ba a sake su ba sai da hotunan suka zaga duniya, Shugaban Ƙasa ya ba da umarni bayan kwana uku. Wannan ma ai irin tunanin ne, a kalli yaro a ga ƙato, a kalli ɗan talaka a ga dabba.

Waɗancan kyamara ta cece su. Wanda duk ya taɓa kai wa ɗan uwa abinci gidan yari ya san akwai wasu a ciki, masu jiran shari'a, waɗanda ko gemu bai fito musu ba, an rubuta musu shekara 18 a takarda don a huta da neman gidan horon yara. Muna kira ga 'yan uwa lauyoyi da masu ziyarar fursunoni, in sun shiga wannan makon, su tambayi irin waɗannan yara shekarunsu na gaskiya da ranar da aka kawo su, su rubuta, su nemi iyayensu, domin da yawa daga cikin iyayen ba su ma san garin da aka kai 'ya'yan nasu ba.